Makullin Sunayen Intanet Ya Bar Hannun Amurka, Ya Koma Hannun Wa?

Duk adireshin da ka rubuta a waya, ko ya ƙare da .com ko .ng ko .ne, akwai babban kundin da ke nuna wa kwamfuta inda za ta same shi. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya, ita ke kula da kundin, amma shekara da shekaru ba a sauya komai a cikinsa sai da sahalewar Ma'aikatar Kasuwancin Amurka.

Bayan fallasar Edward Snowden kan leƙen asirin Amurka a 2013, ƙasashe irin su Brazil suka taso Amurka a gaba. A Maris 2014 Amurka ta ce za ta cire hannunta, kuma a ranar 1 ga Oktoba 2016 ta cika alkawari. Sanata Ted Cruz ya yi ta kururuwar cewa an miƙa wa Sin da Rasha intanet, jihohi huɗu suka garzaya kotu, alƙali ya ƙi dakatar da shirin.

Ni dai ina ganin an yi daidai, kuma 2022 ta tabbatar min. Da Rasha ta kai wa Yukren hari, gwamnatin Yukren ta roƙi ICANN ta soke .ru, sunan Rasha a intanet. Hukumar ta ƙi, ta ce aikinta tabbatar da intanet na aiki ne, ba hukunta ƙasashe ba. Tausayina yana wurin mutanen Yukren, amma da an soke sunan, da talakan Rasha mai neman labarin gaskiya ne zai fara shan wahala, kuma da kowace ƙasa ta san ana iya yi mata haka gobe. Ka ƙaddara makullin yana hannun Washinton a lokacin, da majalisarta na ruwan takunkumi.

Abin da ke damuna shi ne “al'ummar duniya” da aka ce ta karɓi ragama, a aikace, masu kuɗin jirgi da lauyoyi ne da ke halartar taro ba fashi. ICANN kuma har yau tana ƙarƙashin dokar Kalifoniya. Mu kuwa, AFRINIC, mai raba lambobin intanet a Afirka daga Morishiyos, shari'o'i sun daƙile ta har kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023. Kamfanonin sadarwarmu da NiRA mai kula da .ng su riƙa tura mutane tarukan nan, su biya musu kuɗin tafiya, su kuma tambaye su abin da suka kaɗa wa ƙuri'a.