Naira da sefa: maganin ba a bakin iyaka yake ba

A shekarar 1980, naira ɗaya tana canza sefa fiye da 300. Ɗan kasuwar Kano ko Katsina kan shiga Maraɗi da 'yan kuɗi kaɗan ya ciko mota da kaya. A 2024 kuwa, sai da mutum ya ba da fiye da naira 2,000 kafin a miƙa masa jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000.

Masana tattalin arziki suna da ma'aunin da ke bayyana wannan. Idan mudun gero ya fi araha a Jibiya fiye da Maraɗi bayan an yi canji, 'yan kasuwa za su riƙa kwasarsa suna tsallakawa da shi har farashin ya kusa daidaita. Idan aka ɗauki shekaru masu yawa kuma, kuɗin ƙasar da kaya suka fi saurin tsada a cikinta shi ne ke faɗuwa.

Abin da ya sami naira ke nan. Sefa ma ta sha kashi a Janairun 1994, lokacin da aka zaftare rabin darajarta, amma tana ɗaure da kuɗin Yuro a kan sefa 655.957, abin da ke taka wa hauhawar farashi birki a Nijar. Naira kuwa ta hau gangara tun shirin SAP na 1986, ta ƙara rikitowa da aka sake ta a kasuwa a Yunin 2023. A Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Shi ya sa hatsin Dawanau ya yi wa mai sefa araha, ragon Nijar kuma ya yi wa mai naira tsada a kasuwannin Maigatari da Illela. Wannan bai sa talakan Nijar ya yi arziki ba, amma kuɗin da ya ajiye bara ba su narke kamar na maƙwabcinsa ba.

Duk lokacin da abinci ya yi tsada, sai a ji ana kiran a toshe iyaka. An toshe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma farashin shinkafa hawa ya yi. Aikin yana wuyan Babban Bankin Najeriya da gwamnatin tarayya: a daina buga kuɗi don cike giɓin kasafi, a samar da tsaro manoman Zamfara da Katsina su koma gona, a sauƙaƙa taki da sufuri. In ba a yi haka ba, jami'in kwastan a Jibiya ba zai iya dawo wa naira da ƙarfinta ba.