Madubin da ake ɗaura wa bindiga a kwance shi: ya kamata doka ta san da zamansa

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo. Wani Ba'amurke ne a bayan gidansa, ya ɗauko tsohuwar bindiga da wani ɗan ƙarfe mai noti biyu, ya matse ƙarfen a jikin bututun bindigar, ya ɗora madubin hangen nesa a kai. Babu huji, babu walda, ba a je wurin maƙeri ba. In ya ga dama gobe ya kwance, bindiga ta koma yadda take kamar ba a taɓa ta ba. Samarinmu na Zango suna kallo suna tura wa juna, kuma wanda ya iya sayen takalmi ta intanet ai ya san hanyar neman wannan ɗan ƙarfe.

A Amurka, inda wannan sana'a ta fi kasuwa, dalilinta a fili yake. Masu tara tsofaffin bindigogin yaƙi, irin su Mosin-Nagant ta Rasha da Lee-Enfield ta Ingila, sun san da zarar an huda ƙarfen bindiga darajarta ta faɗi. Shi ya sa aka ƙirƙiro maɗaurai masu kama bututu, ko masu zama a gurbin ma'aunin saiti na asali. Bindigogin zamani kuwa da yawansu suna zuwa da wani dogon ƙarfe mai tsage-tsage a gadon bayansu, ana ce masa Picatinny, sunan wata cibiyar makaman soja da ke jihar New Jersey. A 1995 sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa, don haka madubi ko tocila ko hasken leza na kamfanoni daban-daban duk suna hawa kansa.

Mafarauta suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa madubi yana sa harbi ya sauka inda aka nufa, dabba ta faɗi nan take maimakon ta gudu da rauni ta mutu a wahalce. Addininmu ma ai ba ya son a azabtar da dabba. To amma akwai abin da bidiyon ba ya nunawa. Bututun bindiga yana girgiza a kowane harbi, yana zafi yana buɗewa, abin da aka matse a jikinsa kuwa yana iya gocewa kaɗan-kaɗan mai shi bai sani ba. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba: in tsawon maɗaurin santimita 10 ne, ƙarshensa guda ya goce da milimita 1 kacal, to a nisan mita 100 harsashi zai kauce da mita guda cur. Mita guda a dajin da ke maƙwabtaka da gonaki, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi madubi yana ƙuntata gani: kana ganin kunnen barewa sarai, ba ka ganin matar da ke tsintar itace a gefenta. Akwai kuma mugunyar ɗabi'ar ɗaga bindiga a leƙa ta madubi wai don a gane waye ke tahowa. Mai yin haka ya riga ya auna ɗan'uwansa da makami, abin da malamanmu ke hanawa ko da wasa ne.

Abin da ya fi damun mu dai shi ne ɓangaren doka. A Amurka, dokar tarayya ta ɗauki ainihin gangar jikin bindiga, inda aka buga lambarta, a matsayin makami. Madubi da maɗauri da tocila ana sayen su kamar yadda ake sayen fitilar keke, ba a binciken mai saye. Ƙasar ta ga inda wannan tunani ke kaiwa. Ranar 1 ga Oktoban 2017, a birnin Las Vegas, mutum guda ya tsaya a hawa na 32 na wani otal ya zuba harsashi sama da 1,000 a kan taron masu kallon waƙa cikin kimanin minti goma. Mutum 58 suka mutu a lokacin, daga baya adadin ya kai 60. Bindigoginsa da dama an ɗaura musu wani gindi na musamman da ke amfani da bugun-bayan bindiga ya sa ta yi ta ɓari kusan kamar mashin-gan. Shi ma kwance shi ake a mayar da na asali. Gwamnatin Trump ta haramta shi, haramcin ya fara aiki a Maris na 2019. A Yunin 2024 Kotun Ƙolin ƙasar, alƙalai shida a kan uku, ta soke haramcin, bisa hujjar cewa dokar 1934 ta bayyana mashin-gan da yadda kunamar bindiga ke aiki, wannan gindi kuwa bai cika wancan bayani ba. Wato doka ta tsufa, kasuwa ta wuce ta.

Ba mu ce madubi daidai yake da wancan gindi ba. Darasin da muke ɗauka shi ne, abin da ake ɗaurawa a kwance yana iya canza aikin bindiga, alhali ɗan sandan da zai duba ta ranar sabunta lasisi ba zai ga ko alama ba.

Mu dawo gida. Babbar dokar makamai ta Gana ta 1972 ce, lokacin da ba wanda ya yi mafarkin oda ta waya. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta haɗa da sassan da makami ke buƙata kafin ya yi aiki. Madubi fa? Bindiga tana tashi ba shi. Ke nan mai wayo zai iya cewa abin da ke cikin kwalinsa kayan kallon tsuntsaye ne. A ƙasar da Bawku ta sha dokar hana fita saboda harbe-harbe, bai kamata a bar wannan ƙofa a buɗe ba. Mu mazauna Zango mun kuma san halin da ake ciki: yaro ɗaya ya yi ɓarna, a jaridu unguwar gaba ɗaya ce za ta amsa sunan.

Ba mu neman a hana mafarauci mai lasisi kayan aikinsa. Kiranmu ga Majalisa da Hukumar Kula da Ƙananan Makamai, wadda dokar 2007 ta kafa, shi ne a ambaci waɗannan kaya da sunayensu a cikin doka. Kada a sayar da madubin bindiga ko maɗaurinsa sai ga wanda ya nuna lasisi. A rubuta abin da ya saya a jikin takardar lasisin, ya zo da shi ranar sabuntawa. Jami'an kwastan na Tema da na filin jirgin sama kuma a koya musu bambance madubin bindiga da na kallon nesa, don a ido suna kama da juna.

Sarakunan Zango da limamai kuwa ba sai sun jira Majalisa ba. Shugabannin mafarauta a hannunsu suke, su kira su su tambaye su waye ya ɗaura me. Iyaye ma, in ɗan aike ya kawo wa yaro kwali daga waje, a ce ya buɗe a gani.