Bencin mai tuwo ma wurin makoki ne

Akwai wata magana da ba ta tsufa a bakin wasu masu kiran kansu ƴan kishin al'ada, daga Maraɗi har Damagaram: wai mutumin kirki ba ya zama a bencin mai tuwo, balle wanda aka yi wa rasuwa. Sukan ce cin abinci a waje ɗabi'ar gwauro ce da ɗan tasha, kuma duk wanda aka gani yana tsoma hannu a kwanon saye kafin a yi sadakar arba'in, to, bai san darajar mamacinsa ba. An maimaita wannan hukunci a shekarar 2020, lokacin annobar korona, a kan mutanen da ba su da inda za su kai baƙin cikinsu. Hukunci ne na zalunci, kuma ya kamata a faɗa.

Sai mai karatu ya tuna yadda shekarar ta kasance. Ranar 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar. An rufe makarantu da iyakokin ƙasa, an hana taro, an dakatar da sallar jam'i. Ranar 27 ga wata shugaba Mahamadou Issoufou ya kafa dokar ta-ɓaci, aka killace Yamai, aka hana fita a cikinta daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Rufe masallatai ya jawo tarzoma a Mirriya da wasu unguwannin Yamai, har aka sake buɗe su ranar 13 ga Mayu. A wannan tsakani ne, cikin watan Afrilu, mace-macen Kano suka ɗaga hankalin kowa. Gidaje nawa ne a Maraɗi ko Magarya da ba su da ɗan'uwa a Kano ko Katsina? Labarin rasuwa ya riƙa zuwa ta waya, iyaka kuwa a rufe, tun ma kafin annoba, domin Nijeriya ta rufe tata tun Agustan 2019. Mutum zai ji yayansa ya cika, ya ajiye wayar, ya rasa wanda zai yi wa gaisuwa da wanda zai yi masa.

Zaman makoki a ƙasar Hausa tsari ne da ya san halin ɗan Adam. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don kada mai rashi ya zauna shi kaɗai. Maƙwabta na aiko da akussa don kada a hura wuta a gidan da hankali ya tashi, abin da ke da tushe a sunna tun daga umarnin da aka bayar na a dafa wa iyalan Ja'afar abinci sa'ad da labarin rasuwarsa ya iso Madina. Akwai mai tilasta wa mai kuka ya sa loma a baki. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko da malamai sun yi saɓani a kansu, suna yanka wa baƙin ciki zango-zango. Wannan duka ya dogara ga abu guda, wato taruwa, ita kuwa aka hana. Gaskiya ne ba ko'ina aka bi dokar ba, kuma mutane da yawa ba su ma yarda akwai cutar ba. Amma gidan da aka ce korona ce ta yi kisa a cikinsa ya ɗanɗani wani abu da ya fi doka ciwo: masu gaisuwa daga nesa, da ƙafar da ta ɗauke.

To, ina mai rashi ya nufa? Magidancin da matarsa ta rasu ta bar masa ƴaƴa ƙanana, ɗan ciranin da hanyar ƙauyensu ta toshe, ma'aikacin da aka tura garin da ba nasa ba, duk sun tarar da wuri guda a buɗe: rumfar mai tuwo, teburin mai shayi, gindin tukubar mai balangu. A can ba a tambayar mutum mene ne ya kashe nasa. Mai tuwo ta san fuskar kowa, ta san wanda ya saba cin na dala arba'in yau ya kasa gama na ashirin. Takan ƙara miya ba a roƙa ba, ta ce: "Malam, ci mana, Allah ya jiƙan Hajiya." Na kusa da shi a benci ya amsa da amin, ya miƙo ruwa. In ba wannan ne aikin tabarmar ƙofar gida ba, mene ne aikinta? Ita ma macen da ke takaba, wadda ke zaune a gida wata huɗu da kwana goma, yaron da ta aika da kwano wurin mai tuwo ba ya dawowa da tuwo kaɗai, yakan dawo da saƙon gaisuwa, wani lokaci da kuɗinsa a hannu.

Masu sukar suna da hujja ɗaya da ba za a raina ba, ita ce ta lafiya. Benci wuri ne na cunkoso, bokitin wanke hannu ɗaya ne, kofi ɗaya ke zagayawa. Jihar Maraɗi ba ta manta da kwalarar 2018 ba, ga kuma ta 2021 da ta bazu har Damagaram da Tawa. Sai dai wannan hujja tana kira ne ga a kai wa mai abinci ruwa mai tsabta da sabulu. Ba ta ba kowa izinin wulaƙanta wanda ya zauna wurinta. Kuma abin lura, ba a taɓa jin masu wannan magana sun ɗaga murya a kan manyan gidajen abinci masu sanyaya ɗaki na Yamai ba, inda faranti ɗaya ke cin jika biyar. Wanda ya ci a can an ce ya waye, wanda ya ci a rumfa an ce ya zubar da mutunci. Ashe ma'aunin na aljihu ne.

Akwai kuma abin da ya shafi malaman makaranta kai tsaye, kuma sun san shi ko da ba a rubuta ba. Malamin kwantaragin da aka kai nesa da gida, kuɗin wata ya yi jinkiri, wa ke ciyar da shi? Littafin bashinsa yana kan mai tuwo ne, ba a takarda ba, sai a ƙwaƙwalwarta. Da yawa daga masu tsayawa yau a gaban ɗalibai suna bayanin kunya da kara sun yi watanni a wannan benci, wasunsu a nan suka karɓi ta'aziyyar iyayensu. Bai dace wanda ya ƙoshi a inuwar rumfa ya koma aji yana koya wa yara ƙyamarta ba.

Ita mai tuwon fa, wa ya tambayi halin da ta shiga? Sau da yawa ita kanta mijinta ya rasu ko ya sake ta, da tukunyar take riƙon marayu. Tuwo abincin dare ne, dokar hana fita ta Yamai kuwa ta faɗo daidai lokacin da ake kwashe shi, azumi ya zo a ƙarshen Afrilu ya ɗauke cinikin rana. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na watannin Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin ƙarfi, abin a yaba, amma wadda ke sayen ruwa wurin ɗan ga-ruwa ba ta da takardar biya balle a yafe mata. Ta ci gaba da sayen itace da gero a farashin kasuwa, tana ba da bashi ga waɗanda ta san ba za su biya kwana kusa ba.

Ƙungiyoyin raya al'ada suna shirya taro a kan kokowa da wasan kara da kiɗan fada, suna ɗaukar muryar dattawa kafin su ƙare, kuma aiki ne mai kyau. Amma tarihin 2020 da ke hannun hukuma lissafi ne kawai, na mamatan da aka gwada aka tabbatar cutar ce ta kashe su, mutum ɗari uku da ƴan kai a duk tsawon annobar. Bai ƙunshi wanda ya rasu a Kano aka yi kukansa a Tasawa ba, bai kuma faɗi inda masu kukan suka ci abinci a daren ba. Waɗanda suka san wannan suna nan da rai, a bakin tasha da ƙofar asibiti da bayan kasuwa, suna tuƙa tuwo tun la'asar. Rumfar mafi yawansu ba ta fi tafiyar minti goma daga makarantar unguwa ba.