Waya Tana Nuna Hanya, Amma Ba Ta Taka Birki

A cikin watan Fabrairu na 2025 ne Gwamnatin Jihar Ikko, ta bakin Kwamishinanta na Sufuri, Mista Oluwaseun Osiyemi, ta ba da sanarwar cewa ta kakkafa na'urorin ɗaukar hoto masu auna gudun mota a wasu manyan titunan birnin. An ambaci Alapere, inda aka ce kada mota ta wuce gudun kilomita 80 a awa, da kuma titin Mobolaji Bank Anthony da ke Ikeja, inda aka tsayar da 60. Wanda ya zarce, tararsa N50,000. Wanda ya keta danja tana ja, N20,000. Babu ɗan sanda a wurin balle a ba shi haƙuri, babu kuma wanda za a ce wa a taimaka. Na'ura ce take karanta lambar mota, sai dai mutum ya ga saƙo a wayarsa.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai da gaske, domin kuwa da yawa daga cikinsu a kan titi suke neman abinci. Akwai direbobin tanka da tirela da ke lodi a Apapa, akwai masu kawo tumatur da albasa Mile 12, akwai masu kawo shanu mayankar Oko-Oba a Agege, akwai masu tasi da masu tuƙa motocin gidajen manya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka ga samari direbobi sun koma ga wayoyinsu na hannu, suna neman manhajar da za ta riƙa yi musu ishara kafin su isa inda kyamara take. To, abin tambaya shi ne, wannan dabara taimako ce ko kuwa yaudarar kai?

Yadda abin yake aiki

Ya kamata a fara sanin yadda abin yake, domin wasu sun ɗauka tsafin Turawa ne. Manhajoji biyu ne suka fi suna, watau Google Maps da Waze. Ita Waze a Isra'ila aka ƙirƙiro ta, kamfanin Google ya saye ta a 2013 a kan kuɗi wajen dala miliyan 1,000, saboda haka uwarsu ɗaya yanzu. Waya tana sanin inda take ne ta hanyar saƙon da take karɓa daga wasu taurarin ɗan Adam na Amurka, guda 30 da wani abu, masu kewaya duniya daga nisan kilomita wajen 20,000. Duk wayar da ke cikin mota kuma, muddin mai ita ya bar ta a buɗe, tana aika labarin inda take da irin gudun da take yi. Idan kamfani ya ga wayoyi da yawa a gadar Ojota suna tafiyar hawainiya, sai ya shafa wa wurin ja a taswira. Idan suna gudu, sai kore.

Labarin kyamara da haɗari da motar da ta lalace a tsakiyar titi kuwa, yawancinsa direbobi ne da kansu suke latsawa su sanar da na bayansu. Watau dai tsohuwar al'adar nan ce ta direbobi, ta ƙyafta wa juna fitila ko yin nuni da hannu cewa akwai wani abu a gaba, ita ce aka sa a cikin waya. Tun da yake mutane ne ke ba da labarin, to yana iya zama gaskiya, yana iya zama na jiya, yana kuma iya zama babu shi sam a titin da masu irin wannan waya ba su cika bi ba.

Amfaninsa a fili yake

Babu mai hankalin da zai ce a jefar da wannan abu. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma Ikko gari ne da kuskuren kwana ɗaya kan ci wa mutum awa biyu. Direban da ya taso daga Funtuwa da dawa, bai taɓa shiga garin ba, a da sai ya yi ta tsayawa yana tambaya da Turancin da bai ishe shi ba. Yanzu waya tana iya kai shi har ƙofar sito. Wanda ya ɗauko tumatur ya san abin da awa shida cikin cunkoso a rana ke yi wa kwando. Wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari ya san yadda dabba kan galabaita. Idan tun daga Badun aka duba aka ga hanyar ta toshe a gaban Shagamu, gara a tsaya a Ogere a yi salla a ci abinci, da a je a shiga layi ana ƙona mai da tsadarsa. A 2019 ma kamfanin Google ya ƙara wa taswirarsa murya mai Turancin Nijeriya, da kuma hanya ta musamman don masu babur.

Gargaɗin kyamara shi ma yana da nasa amfani. Sau da yawa allon da ke nuna iyakar gudu ya faɗi, ko an liƙe shi da hotunan 'yan siyasa, ko babbar mota ta kare shi. Idan waya ta tuna wa direba ya duba malejinsa, ya ɗaga ƙafa daga totur, to ta yi aikin da aka kafa kyamara dominsa, ta kuma tsirar masa da N50,000 wadda watakila ita ce abincin iyalinsa na wata.

Inda gizo ke saƙar

Amma fa akwai direban da ba don haka yake so ba. Shi burinsa ya san inda idon hukuma yake, ya taka birki a nan, da ya wuce ya koma gidan jiya. Irin wannan direba ya ɗauka kyamara ita ce abokiyar gabarsa, alhali kuwa abin da ke kashe mutane a kan titi ba ya ɗaukar hoto. Ramin da ke bayan kwana, da tayar da ta sha zafi, da yaron da ya ƙetaro da farantin talla, babu wanda waya za ta faɗa wa zuwansu. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudun motoci yana ƙara haɗarin da ake mutuwa a cikinsa da wajen kashi 4 cikin 100.

A yi lissafi a ga abin da ake saye da wannan kasada. Gadar nan ta uku da ta haɗa tsibirin Ikko da sauran gari, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta kilomita 11.8 ne. Mai gudun 80 zai ƙetare ta cikin minti 9 ba kaɗan. Mai gudun 100 zai yi minti 7 da 'yan daƙiƙu. Ribarsa ba ta kai minti 2 ba. Hanyar Ikko zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1978, wajen kilomita 127 ce. Ko da babu cunkoso ko ɗaya, bambancin mai gudun 100 da mai gudun 120 minti 13 ne kacal, watau bai kai lokacin da ake ɓatawa a teburin mai shayi ba. A kan wannan ne mutum zai sa ransa da na fasinja 14 a caca. Sauri ya haifi nawa.

Har ila yau, direbobin manyan motoci su lura da kyau. Lambar gudun da waya ke nunawa ta ƙananan motoci ce. A littafin dokokin hanya na ƙasar nan, ƙaramar mota ce aka yarje wa 100 a babbar hanya mai tagwayen layi, bas da tasi 90, tanka da tirela kuwa 60. Saboda haka tirelar da ke gudun 75 ta karya doka, ko waya ta yi shiru. Duk wanda ya ga abin da ya auku a gadar Otedola ran 28 ga Yuni, 2018, sa'ad da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta ta ƙone motoci fiye da 50 da rayukan bayin Allah, ya san babbar mota idan ta ƙwace ba mai ita kaɗai take ci ba.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun auna wannan al'amari. A Jamus an hana direba amfani da manhajar da ke tona inda kyamara take, tararsa kuɗin Turai yuro 75. A Faransa an tilasta wa kamfanonin su daina nuna ainihin wurin, sai dai su ce akwai haɗari a cikin tazarar 'yan kilomitoci, don direba ya sassauta tun daga nesa har ya fita. A 2019 'yan sandan birnin New York na Amurka sun rubuta wa Google suna ƙorafin cewa nuna inda suka kafa shinge yana taimakon masu tuƙi cikin maye su sulale. Wannan ƙorafi abin dubawa ne a nan ma. Mai latsa waya ya sanar da duniya inda jami'an tsaro suka tsaya, ya sani ba direbobin kirki kaɗai ke karantawa ba.

Abin da waya ba ta sani ba

Waya ba ta san abin da mutum yake tuƙawa ba. Hanya mafi sauri take nema, saboda haka tana iya jefa gingimari cikin lungun Mushin inda ba ta iya juyawa, ko ta bi da ita ƙarƙashin gadar da kayanta ba za su shige ba. Tana iya kuskure a kan titin da aka mayar mai hannu ɗaya, kuma a Ikko wannan laifi ba na wasa ba ne, domin a 2022 an ga yadda aka yi gwanjon motocin da aka kama a bainar jama'a, masu su na kuka. Jami'in LASTMA ba zai saurari cewa waya ce ta ce a bi nan ba. Haka nan mai acaba: tun dokar 2012 aka hana babur hawa manyan tituna da gadoji, a 2020 da 2022 kuma aka hana haya da shi a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere. Waya na iya nuna hanya, amma babur ɗin da aka kama ya tafi ke nan.

Mafi girma duka, waya ba ta san zaman lafiyar wuri ba. Idan ta ce a saki kwalta a ratsa ta wasu ƙauyuka don a rage minti 20, ba ta san ko akwai masu tare hanya ba, ba ta san ko mutanen wurin suna cikin zaman ɗar-ɗar da baƙi ba. Baƙon da ya shiga ƙauyen da ba a san shi ba da tsakar dare, ba ya jin yarensu, da mota cike da mutane ko dabbobi, ya sa kansa a abin da ya fi cunkoso muni. A nan tsohon direba da ɗan kamasho sun fi kowace waya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Sa'an nan ga haɗarin wayar kanta. Motar da ke gudun 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa 4 yana latse-latse ya wuce tsawon filin ƙwallo ido rufe. A 2019 an yi ta ka-ce-na-ce da aka ji wani jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa yana cewa bin taswirar waya ana tuƙi laifi ne, har hukumar ta fito ta yi bayani cewa abin da ta hana shi ne riƙe waya da danne-danne mota tana tafiya. To, maganin wannan mai sauƙi ne: a shirya tafiya tun mota tana tsaye, a kafe wayar a gaban mota, a bi murya. Mai yaron mota ya bar masa wannan aiki.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, duk wanda ya sayi mota hannu ya je ya sauya takardu zuwa sunansa da lambar wayarsa, duk wanda ya sayar kuma ya tabbata an sauya. Ciniki a kan amana halin kirki ne, amma kyamara lambar mota ta sani. Tara tana iya taruwa a kan wanda ya rabu da motar tun bara, ko kuwa sabon mai ita ya je sabunta takardu ya tarar da bashin da bai san da shi ba.

Na biyu, sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, tare da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, su tara 'ya'yansu a bayyana musu waɗannan dokoki da Hausa. Manhajar Waze tana ba mutum damar ɗaukar muryarsa yana faɗin dama da hagu, ya raba wa wasu. Ƙungiya ɗaya ta isa ta sa a yi wannan da Hausa a raba a tashoshi kyauta. Masu motoci kuma su daina ɗora wa direba lokacin da ba ya yiwuwa sai da gudun ganganci, sa'an nan idan tara ta zo su zare a albashinsa.

Na uku, ita Gwamnati, idan da gaske rayuka take son tsarewa ba kuɗin shiga ba, ta kafa manyan alluna masu lamba ƙuru-ƙuru kafin kowace kyamara, ta kuma buɗe hanya mai sauƙi ga wanda aka ci tara bisa kuskure ya kai kuka. Ta duba irin tsarin Ingila, inda kyamara biyu ke auna lokacin da mota ta ɗauka tsakaninsu, ta yadda taka birki a wuri ɗaya ba ya fid da kowa.

Direban da ya baro iyalinsa a Sakkwato ko Azare ya zo Kurmi nema, ana jiransa ya koma da ƙafarsa. Ya riƙe waya don sanin hanya da kauce wa cunkoso, amma gudunsa ya zama ɗaya, da kyamara da babu. Allah Ya tsare matafiya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.