Zaman Ƙasar Waje Da Kuɗin Fensho: A Yi Lissafi Tukuna

Akwai ƙasashe da dama da ke ba baƙo izinin zama a cikinsu ba tare da ya yi aikin kome ba, muddin ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa da iyalinsa. Wannan magana tana shiga kunnen manyan ma'aikata waɗanda lokacin ritayarsu ya gabato, saboda haka muka ga ya wajaba mu bayyana yadda al'amarin yake.

Ƙasar Fotugal tana da biza ta musamman domin masu fensho da masu karɓar kuɗin haya. Sharaɗinta shi ne abin da ke shigo wa mutum kowane wata ya kai albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar, wanda a shekarar 2025 Yuro 870 ne, sa'an nan a ƙara rabin haka saboda mata. Sifen ta fi tsada: Yuro 2,400 a wata ga maigida, da ƙarin 600 a kan kowane mutum na iyalinsa, ga inshorar lafiya, ga kuma hani ga yin aiki. Saudiyya kuwa, a 2019 ta fito da iƙama ta musamman wadda ba ta bukatar kafili, a kan Riyal 800,000 biya ɗaya, ko 100,000 kowace shekara.

To, abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sharuɗɗa da kuɗin waje aka auna su, alhali fenshon ma'aikacinmu da Naira ake biyansa. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a canjin gwamnati. Da aka sakar wa Naira mara, ba a yi shekara ba sai da ta haura 1,500. Ke nan mutumin da fenshonsa ya cika sharaɗi ranar da ya tashi, yana iya wayar gari bai kai ko sulusin abin da ake nema ba, ba tare da an rage masa ko kwabo ba. Izinin nan kuwa sabunta shi ake yi, kuma duk ranar sabuntawa sai an sake duba aljihu. A canjin 2025, abin da Sifen ke nema ya kai wajen Naira miliyan huɗu a wata, a ƙasar da aka tsayar da albashi mafi ƙanƙanta a kan Naira 70,000 a 2024. Ma'aikaci nawa ne fenshonsa ya kama ƙafar wannan?

Har ila yau, mai masauki yana iya sake shawara. Birtaniya ta rufe bizar masu zuba jari a Fabrairun 2022. Fotugal ta cire sayen gida daga hanyoyin samun izinin zama na masu jari a 2023, Sifen kuma ta soke irin nata shirin a Afrilun 2025, domin 'yan ƙasa suna kuka da tsadar gidaje. Akwai kuma abin da ba kasafai ake ambata ba: dokar Tarayyar Turai ba ta yarda mai mata fiye da ɗaya ya kai sauran a matsayin matan aure ba.

Ba mu ce kada kowa ya tafi ba. Wanda ya tara halaliyarsa yana da ikon zama inda ya ga dama. Abin da muke tsoro shi ne dattijo ya sayar da gida da gona, ya haɗa da garatuti, ya miƙa wa ɗan kamasho, bayan shekara biyu ya dawo ba masauki. Duk mai wannan niyya ya nemi sharuɗɗan a rubuce daga ofishin jakadancin ƙasar da kansa, ya tambayi harajin da za a ɗora wa fenshonsa can, kuma kada ya rabu da gidansa sai ya ga an sabunta masa izini ko da sau ɗaya. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin 'yan fensho da su sa wannan bayani cikin tarurrukan da ake yi wa masu shirin ritaya.