Jika 150 a kan shafin intanet, ko kira ɗaya bai shigo ba

Yau zan taɓo abin da na san wasu abokanmu masu shirya formasiyo ba za su ji daɗinsa ba. Su yi haƙuri.

Ina da ƙane a Maraɗi, sana'arsa haɗa sola da gyaran wayoyin wuta a gidaje. Hannunsa na da kyau, ko maƙiyinsa ya shaida. Bara ya halarci wata formasiyo ta kwana uku a kan kasuwanci ta intanet, ya dawo da takardar shaida da magana ɗaya a baki: wai wanda ba shi da shafin intanet ba ɗan kasuwa ba ne. Ya kwashi adashensa, jika 150, ya miƙa wa wani saurayi ya gina masa shafi. Da na buɗe sai na ga faransanci zalla, ga hotunan Turawa da hular kwano a kan rufin da babu irinsa daga Maraɗi har Damagaram. Kafin hoton farko ya gama buɗewa, megana sun ji jiki. Shekara ta zagayo babu wanda ya kira shi ta dalilin shafin. Rannan aka wayi gari shafin ma ya ɓace, don ba a gaya masa cewa sunan shafi haya ake yi duk shekara ba, haka ma wurin da ake ajiye shi. Kuma da sunan saurayin aka yi rajista, ba da nasa ba.

Ban ce intanet ƙarya ba ne, ai ta nan kuke karanta ni. Matsalata ita ce ana koya wa matasanmu tallar aikin hannu kamar tallar atamfa. Atamfa ka gan ta, ka taɓa, ka saya. Mai gyaran wuta kuwa cikin gida za ka shigar da shi, ya wuce zaure, wani lokaci maigida ma ba ya nan. Mai lalle za a damƙa mata hannun amarya ana gobe ɗaurin aure. Tela za a ba shi shaddar Salla a tafi. Abin da mutum ke saye a nan amana ce, shi ya sa kafin hajiya ta kira ka sai ta tambayi maƙwabciyarta: wa ya yi miki naki? Duk tallar da ba ta amsa wannan tambayar ba, ado ce kawai.

Ga kuma batun harshe. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu ɗan Tawa zai rubuta wa ƴan Tawa talla da faransancin da shi kansa sai ya nemi a gyara masa. Wa ake son burgewa? Da yawa daga cikin masu kuɗin sa sola a gida, alhazan kasuwa da iyayenmu mata, ba karatu suke yi a waya ba. Saƙon murya suke saurare, su mayar da murya.

Bayan asarar, mun zauna da ƙanena muka fara daga abin da ba ya cin ko dala. Ya buɗe WhatsApp Business, ya jera ayyukansa da hotunan da ya ɗauka da kansa: ga yadda ya tarar da wayoyi a cukurkuɗe, ga yadda ya bar su. Ya sa shagonsa a taswirar Google, tunda kwatancenmu har gobe "bayan masallaci, kusa da mai shayi" ne. Wanda ya ji daɗin aiki, yakan roƙe shi ya yi ɗan saƙon murya, kuma ba ya yaɗawa sai da izininsa. Hoton cikin gidan mutane ma haka.

Inda muka fi yin gardama shi ne farashi. Ya ce in ya rubuta kuɗin aiki, abokan sana'a za su karya shi. Na ce masa wannan al'ada ta "zo ta bayan fage in gaya maka" ita ke korar mutane, don kowa na zargin za a duba tufafinsa ne kafin a yanka masa. Ba sai ka faɗi kuɗin komai ba, amma ka faɗi kuɗin zuwa duba aiki, ka faɗi inda farashi yake farawa. Haka kafin alƙalami: damfara ta sa mutane na ɗari-ɗari da tura kuɗi ta Nita ko Amana ga wanda ba su taɓa gani ba. Ka rubuta a fili nawa ake bayarwa a farko, nawa bayan an gama, kuma me za ka yi in aikin ya lalace cikin wata guda. Bai zama attajiri ba, amma yanzu wayarsa na ƙara.

Shafin intanet yana da ranarsa. In kana neman kwangila daga ƙungiyoyi ko kamfanoni a Yamai, za su nemi sunanka a intanet, za su kuma tambayi NIF da RCCM. A lokacin shafi ɗaya mara nauyi ya isa: aikinka, unguwarka, lambarka, waɗanda ka yi wa aiki. Sharaɗi dai rajistar ta kasance da sunanka, kalmar sirri tana hannunka, kuma ka san nawa za ka biya baɗi tun kafin ka ba da ko sisi.

Ku kuma masu koyarwa, da masu ba ku kuɗin koyarwar, ina da tambaya. Cikin matasan da kuka raba wa takardar shaida bara, mutum nawa kuka koma kuka duba ko shafin ya kawo musu aiki? In akwai wanda ya bi sawu, ya kawo mana alƙaluman, za mu wallafa su a nan yadda suke.