Gadon Sama a Ɗakin Yara: Kafin Ki Kira Kafinta

Uwargida, idan ɗakin yara ya yi ƙunci, gadon da ake kafawa a jikin bango dabara ce: sama barci, ƙasa teburin karatu. Amma fara duba bangon. Bulo mai rami ba abin dogaro ba ne, ki sa kafinta ya tokare gadon da ƙafafu har ƙasa. Shingen gefe ya ɗara katifa da inci 5, tsakanin sandunansa kada ya wuce inci 3 da rabi, don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. A nesanta gadon da fankar silin. Wanda bai kai shekara 6 ba kuwa, ƙasa zai kwana, ko ya yi kuka.

Wadda ta gwada, muna jiran labarinta.